Amsa ga mai Hilux ɗin da ke cin altaneta

Salamu alaikum Malam. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina a gareji shi ya sa sai yau na samu zama, ka yi haƙuri. Bari in ɗan maimaita abin da ka ce saboda waɗanda ba su gani ba: kana da tsohuwar Hilux akori-kura mai shan gas, injin 3L, kana ɗauko masara da ita daga Giwa da Soba zuwa cikin Zariya, sau da yawa da daddare, kuma cikin wata tara altaneta uku ke nan suka mutu maka, wato abin nan da ke samar wa mota wuta in inji na aiki. Altanetan da ya zo da motar ya tafi, ka sa ɗan Baljiyam ya yi wata uku, ka sa sabo na kwali bai rufe wata biyu ba fitilar batir ta fara kawowa dishi-dishi, yanzu da safe sai an tura. Kana tambaya wane kamfani za ka saya wannan karon, har ka ce ko dai jifa aka yi wa motar.

Ni aikin wayar mota nake yi, rewaya in ji mutane, nan Tudun Wada, kuma na fi shekara ashirin ina buɗe cikin altaneta. To ba jifa ba ne, kuma don Allah kada ka sayi na huɗu tukuna, riƙe kuɗinka. In altaneta ɗaya ya mutu a tsohuwar mota sai mu ce tsufa ne, lokacinsa ya yi. Amma uku a jere, kowanne bai kai na bayansa kwana ba? Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke kashe su a jikin motar, kuma yana nan zaune yana jiran na huɗun. An bar jaki ne ana ta dukan taiki.

Tambayar da zan fara yi maka ita ce, ina matattun suke? Na san amsar ma, ko dai mai shago ya karɓe ya rage maka kuɗi, ko yaran gareji sun sayar wa 'yan gwangwan saboda tagullar ciki. Wannan shi ne babban kuskuren da ake yi, domin matacce shi ne ke faɗin wanda ya kashe shi. Na jikin motar yanzu kada ka bari kowa ya ɗauke shi, a kwance shi a gabanka a buɗe. Ba wani abu mai yawa ba ne a ciki. Akwai kwayil ɗin da ke zagaye a jikin gidan, akwai ameca da ke juyawa a tsakiya da zobban tagulla guda biyu a ƙarshenta, akwai burushi biyu da ke gogar zobban, akwai farantin dayod mai mayar da wutar ta zama irin wadda batir ke sha, akwai aisi ko katawut mai iyakance yawan wutar, sai boris biyu da ameca ke juyawa a kansu, gaba da baya. Shi ke nan. Kowanne kuma yana da irin mutuwarsa. In ka ga kwayil ya yi baƙi, ka sunsuna ka ji ƙauri kamar an babbake roba, dalmar wajen dayod ta narke, to aiki ne ya yi masa yawa, zafi ya cinye shi. In kwayil fes yake ja kamar sabo amma aisi ya mutu ko dayod ɗaya ya harbe, wannan wuta ce ta yi tsalle ta buge shi. In ka tarar da cikin ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, ai ba sai an faɗa maka ba. In kuma yana kuka ne kawai, ka juya fuli da hannu ka ji ƙarar-ƙarar, to boris ne, kuma laifin bel ne ko zaman da aka yi masa.

Bari in fara da batir, don shi na fi zargi, musamman da ka ce ba ka canza shi ba duk tsawon wannan lokacin. Abin da mutane da yawa ba su gane ba, altaneta ba injin cajin batir ba ne. Aikinsa ya riƙe fitilu da sauran kayan wuta in mota na tafiya, ya kuma mayar da ɗan abin da kik ya zuƙa wajen tayarwa. Amma a kawo masa batir da ya sauka ƙasa warwas a ce ya cika shi, ai kamar a ɗora wa jaki buhu biyar ne, zai tafi amma ba zai yi nisa ba. Ka duba yadda abin ke faruwa: altaneta na farko ya fara mutuwa, ba ka sani ba ka yi ta tafiya a kan batir har ya ƙare, aka tura, aka je aka ɗaura sabo, aka sake turawa ta tashi, rewaya ya ce je ka zai yi caji a hanya. Wannan "zai yi caji a hanya" ɗin ita ce ta fara cin sabon tun ranar farko, yana aiki da iya ƙarfinsa awa biyu awa uku ba sassautawa, dayod na dahuwa. Batir kuma duk lokacin da ya sauka ƙasa haka ba ya komawa daidai, farantan ciki sun ɗauki gishiri. Naka ya sauka sau nawa yanzu? Ka lissafa da kanka.

Ga yadda za ka gane. Sayi mita, ko ƙaramar nan ce ta 'yan gyaran rediyo da ake sayarwa a Sabon Gari, ta isa. Da safe kafin a taɓa motar, ka juya ta kan DC 20 ka ɗora a kan batir. Lafiyayye cikakke zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2 to rabi ne. In ya gaza 12 ya sauka. In kuwa ka ga 10.5 ko wajen nan, to gida ɗaya cikin gidaje shida na batir ɗin ya haɗe, domin kowane gida bolt 2.1 yake bayarwa, ka ga in ɗaya ya fita sauran biyar ne ke magana. Irin wannan batir shi ne maƙiyin altaneta na ƙarshe, saboda aisi zai yi ta ƙoƙarin kai shi 14 shi kuma ba zai taɓa kaiwa yadda ya kamata ba, sai ya buɗe wuta gaba ɗaya ya bar ta a buɗe, batir na tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, altaneta na ƙonewa a hankali. Bayan nan sa wani ya murza makulli kai kana kallon mita, lokacin da kik ke juyawa bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. In ta faɗi 7 ko 8 bayan an yi masa cikakken caji a wajen mai cajin batir, to ya gama aiki, kai shi a yi musaya. Kuma motar gas ba a yi mata rowar batir, hita mai ɗumama inji kafin a tayar na ja, kik na ja, in ka sa mata ƙaramin batir na motar gida don araha kullum a wahale yake.

In ta tashi, ka sake ɗora mitar. Caji mai kyau tsakanin 13.8 ne zuwa 14.5. Kunna fitila da fanka ka ɗan taka totur, bai kamata ya sauka ƙasa da 13.5 ba sosai. In ka ga 15 ko sama yana hawa da totur, kashe motar, caji ya yi yawa, shi ne za ka ga ƙwayayen fitila na yawan mutuwa ruwan batir na ƙafewa.

Yanzu wayoyi, kuma nan zan daɗe don nan ne aka fi tsallakewa. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min irin motarka daga wajen Hunkuyi, tumatir da rake yake ɗauka, shi altaneta huɗu ya canza, ya zo ransa a ɓace yana cewa duk masu kayan mota ɓarayi ne. Batir ɗinsa sabo ne, bel lafiya. Na sa yaro ya tayar da ita ya kunna fitilu, ina cikin leƙa inji sai hannuna ya taɓa wayar totur, wallahi sai da na janye, zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, robar jikinta har ta fara yamutsewa. Ashe watanni baya an sauke injin an yi masa ring, da aka mayar sai aka manta da wayar as, wato waccan shimfiɗaɗɗiyar saƙaƙƙiyar wayar da ke haɗa inji da shasi, tana nan a ƙasa tana lilo ba a ɗaure ta ba. Injin kuwa a kan roba yake zaune, to wuta ta rasa hanyar komawa batir sai ta bi duk abin da ta samu, wayar totur, wayar giya, duk wani ƙarfe da ya taɓa bodi. Yau ta samu hanya gobe ta rasa, in an faɗa rami ta katse ta dawo. Muka kankare wajen da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, muka ɗaure, muka ƙara wata mai kauri daga bulok kai tsaye zuwa negetif ɗin batir, muka canza masa farantin dayod kawai a cikin altanetan da ya ce ya mutu. Har yau yana wucewa ta gaban gareji ya ɗaga min hannu.

Ka ga irin wannan ido ba ya gani, kuma ko an sa mita an auna wayar motar na kashe za ta ce lafiya lau, domin ko silin waya ɗaya ne ya rage zai nuna a haɗe take. Sai wuta na gudana ake kama ta. Yadda ake yi: tayar da mota, kunna fitilun gaba da fanka da duk abin da kake da shi, a riƙe totur kaɗan sama da silo, wato sama da yadda inji ke aiki in ba a taka shi ba. Ɗora tsinken mita ɗaya a kan babban notin bayan altaneta inda wayar caji ta fita, ɗayan kuma a kan dalmar batir ta fozitif, dalmar kanta nake nufi ba taminar da ke kama ta ba. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. 0.2 ko 0.3 ba laifi, amma in ya wuce 0.5 akwai inda ya ruɓe. Sai ka sake, tsinke ɗaya a jikin gidan altaneta, ɗaya a dalmar negetif, nan kuma bai kamata ya wuce 0.2 ba. Minti biyar ne aikin, amma ka tambayi wanda ya ɗaura maka altaneta biyun nan ko ya taɓa yi ko sau ɗaya.

In ya wuce, bi wayar da hannu, inda ka ji ɗumi nan ne ciwon. Wuraren da na fi samu: tamina da aka cusa wa ƙusa ko guntun gwangwani don ta kama, farin garin nan da koren da ke taruwa a kan batir, inda aka yanke waya aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ko ledar burodi, da kuma wajen babban fiyus na kusa da batir, wanda a tsofaffin motocinmu da wuya ka same shi yadda kamfani ya yi, an daɗe da ɗaure shi da silin waya. Notin bayan altanetan ma ka duba, in robar da ke kewaye da shi ta narke ko ta yi baƙi to a sake yake, kuma zafinsa kai tsaye cikin farantin dayod yake shiga. Sai ƙaramin soket mai wayoyi uku, a irin na Toyota ɗaya ta makulli ce, ɗaya ta fitilar batir, ɗaya kuma ita ce ke gaya wa aisi halin da batir ke ciki. In wannan ta ukun ta yi tsatsa sai ta riƙa yi masa ƙarya, ta ce batir bai cika ba alhali ya cika, shi kuma ya yi ta turawa. Na sha ganin soket ɗin ya farfashe an cusa wayoyin ɗaya-ɗaya an tokare da tsinken ashana.

Akwai wata ɗabi'a kuma da nake roƙonka ka hana kowa yi maka, ko da ogan gareji ne mai furfura. Wato a cire kan batir mota na aiki don a ga ko tana caji, in ba ta mutu ba a ce lafiya. Na san duk mun taso mun ga ana yi, ni ma na yi ina yaro har sai da ogana ya kwaɗa min sifana a baya. Wannan gwajin na zamanin dainamo ne. A altaneta, batir shi ne ke shanye tsallen wuta, da ka cire shi wutar ta yi sama nan take ta ninka sau da yawa, ko da na ƙiftawar ido ne, ta bugi aisi da dayod. Ba lallai ya mutu a wurin ba, shi ya sa ba a ɗora wa gwajin laifi, sai bayan sati biyu uku ka ga fitila ta kawo. Abin dariyar ma, motar gas irin taka ba ta buƙatar wutar fulogi, ɗan abin da ke buɗe mata mai kawai take so, to gwajin ma ba ya gaya maka komai na kirki. Haka nan waɗanda ke ara batir a tayar da mota sannan a zare a mayar da mataccen tana aiki, duk abu ɗaya ne. Haka walda: akori-kura ba ta rabuwa da mai walda, yau ƙarfen baya ya tsage gobe an ƙara mata keji. Kafin ya kunna inji a cire kan batir duka biyu, a zare soket da babbar wayar altaneta, ya kuma maƙala as ɗinsa kusa da inda zai yi aikin ba can gaban mota ba. Ka tuna ko an yi maka walda kwana kaɗan kafin ɗaya daga cikinsu ya mutu.

To ga wani abu da ya keɓanta da irin injinka, wanda mai motar fetur kamar 22R ko tsohuwar Fijo 504 ba shi da wannan damuwar. Injin gas ba ya samar da zuƙar iskar da birki ke buƙata da kansa, shi ya sa a su 2L da 3L da 5L aka maƙala wani ɗan famfo a bayan altaneta, shi ke zuƙo iskar da ke sa birki ya yi laushi. Wannan famfon da baƙin mai yake aiki, akwai siririn bututu da ke kawo masa mai daga inji, akwai tiyo mai ɗan kauri a ƙasa da ke mayarwa. Tsakaninsa da cikin altaneta oyilsil ɗaya ne tak, wato robar da ke tare mai. In sil ɗin ya gaji, ko tiyon komawar ya toshe ko ya lanƙwashe, ko injin ya tsufa yana hura hayaƙi ta ciki, sai mai ya tura ya shiga wajen burushi. Mai kaɗai ma matsala ne, balle ya haɗu da ƙurar hanyar Soba da hazon hunturu, sai ya zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalta, burushi ya maƙale a gidansa ya daina taɓa zobe, caji ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Fitilar da ka ce tana kawowa dishi-dishi tana iya zama wannan, tana kuma iya zama dayod ɗaya ne ya tafi. Sa yatsa a ƙasan altanetan ta baya, in ya fito da mai to ka samu bakin zaren. Kuma in tiyon ne ya toshe, ko altaneta goma ka canza duk haka za su yi ta sha, tunda shi tiyon ba a canza shi, a cire a mayar kawai ake yi. Ka duba sama ma, murfin saman inji in yana yoyo kansa yake ɗiga, haka gas in yana tsiyaya daga wani bututu.

Maganar bel ba ta da tsawo. In ka danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi ya kamata ya shiga kamar santimita ɗaya. Masu sa ƙarfen taya su banƙare altaneta har bel ya yi tsam kamar tsirkiya, su ne ke kashe boris ɗin gaba, har da na famfon ruwa. In kuma ya yi sako-sako zai riƙa sulɓi, fuli ya yi zafi, zafin ya bi sanda ya narkar da giris ɗin boris, za ka ga cikin fulin ya yi sheƙi da baƙin gari a kewaye. In naka mai bel biyu ne a canza su tare, kada a sa sabo ɗaya tsoho ɗaya, kuma kada a bar shi da ɗaya wai ai yana ja. Ka tsaya ta gefe ka hango ko fulin altaneta na kan layi ɗaya da na inji, don ɗan Baljiyam sau da yawa ba na motar ba ne, an cusa shi an cika da wasa, wato ƙananan zobban ƙarfen nan, an ɗaure shi a karkace. Kuma ka sani in bel ɗin nan ya tsinke a hanya ba caji kaɗai ka rasa ba, famfon birkin ma ya tsaya, taka biyu uku birki zai yi tauri kamar dutse, da lodin masara a baya wannan ba abin wasa ba ne.

Sai lodin wuta. Ka ce kana tafiyar dare, to na tabbata ka ƙara fitilu, duk masu hanyar ƙauye haka suke, ban ga laifinku ba. Amma altanetan irin waɗannan motocin ƙarami ne, yawanci bai wuce amfiya 55 zuwa 70 ba, kuma wannan sai inji na gudu, a silo da ƙyar ya ba da rabi. Lissafin mai sauƙi ne, raba wat da 14. Ƙwan fitilar da kamfani ya sa mai wat 55 ko 60 ne, biyu sun ci kamar amfiya 8 ko 9. Aka cire aka sa masu wat 100, biyu sun zama 14. Aka ƙara huɗu a saman keji masu wat 100, ga 28 nan. Ka ga 42 ke nan ba a sa fitilun baya ba, ba fanka, ba waifa, ba rediyo da sifikun da yaron mota ya jona, ga kuma gajiyayyen batir na neman nasa kason. Sannan a tsaya a kasuwa ana lodi awa guda mota na silo duk fitilu a kunne ana haska masu ɗaukar buhu. Wane altaneta ne zai jure? In wannan ne, ko ka mayar da na saman zuwa LED masu cin wuta kaɗan, ko a nemo altaneta mai ƙarfi, amma in za a sa babba dole a canza wayar caji da ta as zuwa masu kauri, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Da ka ce da safe sai an tura, ka gwada ko wani abu na shan batir cikin dare. Kashe komai, rufe ƙofofi, cire negetif, juya mita kan 10A ka sa ta tsakanin tamina da dalmar batir. Bai kamata ya wuce 0.05 ba. Kada fa ka murza makulli mita na haka, za ta ƙone. In ka ga yana jan rabin amfiya ko sama, zare babbar wayar altaneta a hankali kada ta taɓa ƙarfe, in ya faɗi to dayod ne ya huje yana mayar da wuta baya. In bai faɗi ba bi fiyus ɗaya-ɗaya, galibi rediyo ne ko cajar waya da aka jona kai tsaye. Wasu za su ce maka ka auna AC a bayan altaneta mota na aiki, in ya wuce 0.5 dayod ya tafi, gaskiya ne amma sai da mita mai kyau, ƙananan nan masu araha za su nuna maka 28 ko 30 ka tsorata a banza.

Na dawo kan tambayarka ta wane za ka saya. Ni dai a ra'ayina, in gidan na asali ne na Denso, gara a gyara shi da a sayi na kwalin da ba a san asalinsa ba. Ba duk na kwali ne marasa kyau ba, amma na sha buɗe wasu in tarar da wayar kwayil siririya, wata ma ka kankare ka ga fara ce a ciki an yi mata rufin tagulla, ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, lambar da aka rubuta a jiki kuma ba ya kaiwa. Ɗan Baljiyam sa'a ce, wani ya yi shekaru wani burushinsa saura ƙiris, in za ka saya ko a Zariya ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kafin a ɗaura a buɗe a ga tsawon burushi da zobba, a sa sabon oyilsil, kuma a tabbatar soket ɗinsa irin na motarka ne. Domin wasu tsofaffin katawut ɗinsu a waje yake a jikin bodi, wasu aisi ne a ciki, in aka ɗauko wannan aka jona wa wayoyin wancan da ka, zai iya yin caji yau amma ba zai daɗe ba. Naɗin kwayil kuma ya danganta da mai naɗin, in ya sa waya mai kaurin ta asali ya shafa banish ya gasa, zai yi aiki, in ya rage kauri don ya ci riba to wata biyu ne.

Wanki ma, ka gaya wa yaran wajen wankin mota su daina saka masa bakin tiyo inji na da zafi, haka in ka ratsa ruwa da damina har ya kai shi ka bar shi ya tsane.

In ka ce in yi hasashe ban ga motar ba, zan ce na farkon tsufa ne ko mai ya shige shi, shi ya kashe batir, batir ɗin kuma da ƙarin fitilu suka haɗu suka cinye na biyu da na uku, wataƙila da taimakon wata ruɓaɓɓiyar waya. Amma gani ya kori ji. Yau da yamma cire batir ɗin ka kai a yi masa caji a hankali ya kwana, gobe a bar shi ya huta wasu awanni sannan a auna, kada a auna shi da zafin caji don zai nuna maka 13 ya ruɗe ka. A buɗe altanetan a gabanka, ka ɗauki hoton cikinsa ta baya wajen burushi da hoton kwayil, ka rubuto min lambobi huɗu: na batir mota na kashe, na lokacin kik, da biyun nan na wutar da ke ɓacewa ta fozitif da ta negetif. Ka kuma gaya min fitilu nawa ne a saman kejin da wat ɗin da aka rubuta a gindin ƙwan, ba abin da mai shago ya ce maka ba.